Ƙunshe Manhaja Mai Buɗaɗɗen Tushe Don Ta Shiga Kwamfutar Kowa: Tambayoyi da Amsoshi

Duk lokacin da furojet ɗin ajin ƙarshe ya taso, ɗaliban kwamfuta daga Samaru har Tudun Wada sukan biyo ta shagona a Sabon Garin Zariya da damuwa iri ɗaya. Sun rubuta manhaja, tana aiki, an ba su maki, sun ɗora ta a intanet kyauta da kod ɗinta a fili, abin da ake kira buɗaɗɗen tushe, amma ko mutum ɗaya bai taɓa amfani da ita ba. Sau da yawa manhajar ba ta da laifi, saka ta ne ya gagari mutane. Na tattara tambayoyin da aka fi yi mini a nan don na gaji da maimaita amsa ɗaya kullum.

Mene ne ƙunshe manhaja? Na ɗora kod ɗina a GitHub, ai shi ke nan ko?

Da sauran aiki. Kod ɗin da ke GitHub, shafin da ake ajiye kod a intanet, tsaba ce a buhu. Ɗan'uwanka mai rubuta manhaja zai iya ɗauka ya surfa, ya kai niƙa, ya tuƙa. Amma malamin makarantar da ke son haɗa sakamakon jarabawar yara, ko mai shagon magani da ke son lissafin kayansa, tuwo yake nema a kwano. Ƙunshi shi ne fayil guda da ya ɗauko manhajar a shirye, da sunanta da lambar sigarta da lasisinta, da jerin abubuwan da take dogaro da su, da bayanin inda kowane fayil zai zauna a kwamfuta da yadda za a cire shi in an gaji da shi.

Wannan matsala ta girme mu duka. A da, mai son manhaja a Linux sai ya sauke kod, ya buga ./configure da make da make install, in wani laburare, wato kod ɗin wasu da manhajar ke jingine da shi, ya ɓace ya tafi farautarsa da kansa. Da Ian Murdock ya kafa Debian a 1993 sai aka zo da ƙunshin .deb, Red Hat kuma ta zo da .rpm. A 1998 aka fito da APT, wanda in ka ce masa ga abin da kake so, shi zai nemo duk abin da manhajar ke buƙata ya saka. Daga baya harsunan rubuta manhaja suka gina nasu rumbunan: PyPI na Python a 2003, npm na JavaScript a 2010.

Tana aiki lafiya lau a kwamfutata. Me ya sa take ƙi a ta wasu?

Domin kwamfutarka ta saba da kai. Shekara nawa kana zuba mata abubuwa, laburare kan laburare, har ka manta kai ka saka su. Manhajarka tana jingine da su ba ka sani ba.

Ni ma na sha wannan kunyar. Na rubuta wa wata makaranta a Tudun Wada 'yar manhajar haɗa sakamako da Python 3.11, na mayar da ita .exe, na hau Keke Napep da filasha a aljihu ina ji da kaina. Ba wuta ranar, hedimasta ya sa aka tayar da janareta musamman saboda ni. Na danna fayil, sai ga wani ɗan akwati ya fito yana cewa ba a sami api-ms-win-core-path-l1-1-0.dll ba. Ashe kwamfutar ofishin Windows 7 ce, ni kuwa ban tambaya ba, alhali Python 3.8 ce siga ta ƙarshe da ke tafiya a kan Windows 7. Hedimasta ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Malam, ko mu kashe injin tukuna? Man nan ya yi tsada." Na ce, "Ranka ya daɗe, a kashe."

Na koma na sake ginawa da 3.8, na dawo bayan kwana biyu. Wannan karon ta buɗe, amma da aka zo buga katin sakamako sai ta mutu. A cikin kod na rubuta hanyar hoton tambarin makarantar ta wata folda mai sunana, wadda babu ita a ko'ina a duniya sai a kwamfutata.

Tun daga ranar ba na kai wa kowa ƙunshi sai na gwada shi a kwamfutar da ba ta san ni ba. Ka saka VirtualBox, manhajar da ke kunna wata kwamfuta a cikin taka, kyauta ne, ka girka Windows ko Ubuntu sabo fil a ciki, kada ka ƙara masa komai, ka adana wannan yanayin (snapshot) don ka riƙa komawa gare shi. Sannan ka yanke masa intanet, ka saka ƙunshinka. Abin da ya faru a nan shi zai faru a ofishin hedimasta.

Me ya kamata in tanada kafin in fara ƙunshi?

Fayil ɗin LICENSE, da README, da lambar siga, da jerin abubuwan dogaro. A README, fayil ɗin bayanin manhajar, kada ka fara da tarihin rayuwarka. Layin farko ya faɗi aikin manhajar, na biyu ya faɗi irin kwamfutar da take tafiya a kai, na uku yadda ake saka ta. In masu amfani da ita Hausawa ne, ka rubuta wannan sashen da Hausa, ka sa hoton allo biyu ko uku. Ka kuma bincika kada ka ƙunshe kalmar sirrinka ko bayanan gwaji masu sunayen mutane na gaskiya. Na taɓa buɗe furojet ɗin wani ɗalibi na tarar da lambobin wayar 'yan ajinsu kaf a ciki.

Ai kyauta na bayar. Me zai haɗa ni da lasisi?

Nan mutane da yawa suke kuskure. Kod ɗin da ba shi da lasisi, a doka naka ne kai kaɗai, ko da kowa yana ganinsa. Ba wanda ke da izinin gyara shi ko rarraba shi, kuma rumbuna irin na Debian ba za su karɓe shi ba. Lasisi ne ke buɗe ƙofar.

Uku aka fi amfani da su. Na MIT gajere ne: kowa ya yi abin da ya ga dama, muddin ya bar sunanka da rubutun lasisin a ciki. Apache 2.0, wanda ya fito a 2004, kusan haka yake amma ya ƙara magana kan haƙƙin ƙirƙira. GPL kuwa, wanda Richard Stallman ya fitar da sigarsa ta farko a 1989, ta biyu a 1991, ta uku a 2007, yana da sharaɗi: duk wanda ya gyara manhajarka ya rarraba, dole ya ba waɗanda ya rarraba wa kod ɗin a ƙarƙashin wannan lasisin.

Abin da ya shafi mai ƙunshi shi ne laburarorin da ka kwaso. Kowannensu yana da nasa lasisin, kuma da zarar ka cusa su cikin .exe ka ba wani, ka zama mai rarraba su. In akwai na GPL a ciki, sharaɗinsa ya hau kanka. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ka tara rubutun lasisinsu a folda ɗaya cikin ƙunshin. In kuma furojet ɗin makaranta ne, ka tambayi malamin da ke duba ka kafin ka lanƙwasa masa lasisi, don makarantu kan samu nasu ƙa'idojin kan aikin ɗalibai.

Yaya ake ba siga lamba?

Ka daina sa wa fayil suna "sabo", da "sabo na ƙarshe", da "sabo na ƙarshe gyararre". Akwai tsarin da Tom Preston-Werner ya rubuta wanda kusan kowa ke bi: lamba uku, kamar 1.4.2. Ta ƙarshe tana ƙaruwa in ka gyara kuskure, ta tsakiya in ka ƙara sabon abu ba tare da ka ɓata tsoho ba, ta farko in ka yi canjin da zai tilasta wa masu amfani su sauya wani abu. Lambar ta fito a sunan fayil da kuma cikin manhajar, don ranar da wani ya kira ka daga Giwa ya ce ta ƙi aiki, tambayarka ta farko ita ce wace siga ce a hannunsa.

Ƙunshi iri-iri ne. Wanne zan zaɓa?

Ka fara da tambayar wa zai saka. A garin nan, ofisoshi da makarantu da shagunan buga takardu kusan duk Windows ne, saboda haka in don su ka yi, abin da kake buƙata fayil ne guda da za a danna sau biyu. Inno Setup da NSIS duka kyauta ne kuma sun daɗe suna wannan aikin. Ni Inno Setup nake amfani da shi: ɗan fayil ɗin .iss mai layi ashirin ya isa ya ce ga folda, ga inda za a zuba ta, ga gunkin da zai fito a kan allo, ga hanyar cirewa. In da Python ka rubuta, PyInstaller ne zai fara haɗa manhajar da Python ɗin kansa a folda ɗaya. Ka sani ba ya gina wa wani tsarin daga wani: na Windows sai a kan Windows, na Linux sai a kan Linux.

A Linux hanya ta rabu. Ƙunshin .deb na Debian da Ubuntu da Linux Mint ne, .rpm na Fedora da danginta. Su ne mafi ƙanƙanta domin suna amfani da laburarorin da ke cikin tsarin. Flatpak da Snap suna tafiya a kusan kowane Linux, amma saka na farko kan jawo ɗaruruwan megabait na abubuwan tushe, kuma wanda yake sayen data da kuɗin cefane ba zai gode maka ba. AppImage fayil guda ne da ake ɗauka a filasha a kunna ba tare da girkawa ba, abin da ya dace da mu ke nan. Tarkonsa biyu: bayan an kwafo shi daga filasha sau da yawa sai an ba shi izinin aiki da chmod +x, kuma AppImage da yawa suna neman libfuse2, wanda Ubuntu ta daina zuwa da shi tun daga 22.04. Ka rubuta waɗannan biyun a README. Wata ƙa'ida kuma: ka gina a kan tsohon Linux, don abin da aka gina a tsoho yakan yi aiki a sabo, amma wanda aka gina a sabo yakan tsaya yana kukan glibc, babban laburaren tsarin Linux, a tsoho.

Docker, wanda ya fito a 2013, na masu saba (server) ne, wato kwamfutar da ke riƙe shafukan intanet. In manhajarka shafin intanet ce mai rumbun bayanai, ya dace. Kada ka ce wa akawun makaranta ya saka Docker.

Laburare na rubuta na Python, ina son a riƙa samun sa da pip. Ina zan fara?

Shi pip, umarnin da ake saka laburarorin Python da shi, daga PyPI yake ɗauko su. Ka rubuta fayil ɗin pyproject.toml. A ciki za ka sa suna, siga, taƙaitaccen bayani, lasisi, mafi ƙarancin sigar Python, da abubuwan dogaro. In kana son a riƙa kiran manhajar da umarni guda, ka ƙara sashen project.scripts. Sai ka buga python -m build, zai fitar maka da fayil biyu a foldar dist: na kod zalla mai .tar.gz da na wheel mai .whl. Da twine ake ɗora su.

Kada ka nufi PyPI kai tsaye. Akwai TestPyPI, filin gwaji, can za ka yi kurakuranka. Dalili shi ne PyPI ba ya yarda ka sake ɗora fayil mai suna da siga ɗaya, ko da ka goge na farko. In ka ɗora 1.0.0 da kuskure, sai dai ka fito da 1.0.1. Kuma tun farkon 2024 PyPI ya wajabta wa masu ɗora kaya tantancewa mai mataki biyu, don haka ka adana lambobin ceto a takarda, kada ranar da aka zare maka waya a kasuwa ka rasa asusun gaba ɗaya.

Wani abu da ke ruɗa sababbi: a Debian 12 da sababbin Ubuntu, pip install yakan ƙi ya ce externally-managed-environment. Ba ƙunshinka ne ya lalace ba. Tsarin ne ke kare Python ɗinsa. A README ka ce a yi amfani da venv ko pipx, waɗanda ke keɓe wa manhaja nata wurin daban da Python ɗin tsarin.

Wanda zan ba ba shi da data, ko sabis ɗin unguwarsu ba ya ja. Yaya zan yi?

Wannan ita ce tambayar da littattafan ƙasashen waje ba sa damuwa da ita, mu kuwa ita ce kan gaba. Yawancin umarnin sakawa da za ka gani an rubuta su ne da tunanin intanet kamar ruwan famfo yake, kullum a buɗe. A nan kuwa manhaja ta filasha take yawo, daga hannu zuwa hannu, ta WhatsApp da Xender, daga shagon mai gyara a PZ zuwa wata makaranta a Shika. Ƙunshin da zai tsaya a tsakiyar sakawa ya ce bari ya sauke wani abu, ya mutu ke nan a rabin kwamfutocin garin.

Saboda haka ka yi ƙunshi mai ɗauke da komai. A Windows, duk abin da manhajar ke nema ya shiga cikin fayil ɗin sakawa. A Python, inda kake da intanet mai kyau ka buga pip download -r requirements.txt -d kaya, zai tara duk laburarorin a foldar kaya. A can kuma sai pip install --no-index --find-links kaya -r requirements.txt. Sharaɗi: kwamfutar da ka sauke da wadda za a saka su zama tsari ɗaya da sigar Python ɗaya, in ba haka ba wasu fayilolin wheel za su ƙi. A Debian da Ubuntu akwai apt-offline. In ɗakin kwamfuta ne mai inji talatin, ka saka apt-cacher-ng a guda ɗaya, ƙunshi ya sauko sau ɗaya sauran su ɗiba daga wurinta.

Ka kuma rage nauyi. Na ga manhajar lissafin kuɗin makaranta mai megabait ɗari uku, da na duba sai na tarar PyInstaller ya kwaso duk laburarorin binciken alƙaluma da yaron ya taɓa sakawa don wani kwas daban. Da ya gina a cikin venv mai tsabta, wanda ba komai a ciki sai abin da manhajar ke buƙata, ta dawo ƙasa da arba'in. Ka rubuta girman fayil kusa da wurin saukewa, mutum ya san abin da zai kashe kafin ya danna.

Windows ya fito da shuɗin allo yana cewa ya kare kwamfutar, wani lokaci manhajar kashe bairos ta cinye fayil ɗin. Bairos na rubuta?

A'a. SmartScreen, mai gadin Windows da ke fito da wannan allon, yana yi wa duk fayil ɗin da ba a sa masa hannu ba kuma mutane ba su saba sauke shi ba kallon baƙo. Takardar sa hannu ta kod kuɗi ake biya duk shekara, da dala, kuma ɗalibi ba zai iya ba. Abin da za ka iya: ka sa hoton wannan gargaɗin a README ka nuna inda ake dannawa a wuce. A PyInstaller ka guji zaɓin fayil guda, wato --onefile, domin yana kwance kansa a foldar wucin gadi duk lokacin da aka kunna shi, abin da ke sa shi nauyin tashi, kuma masu kashe bairos sun fi zarginsa. Ka bar shi folda, Inno Setup ya naɗe ta.

Amma kada ka taɓa ce wa mutane su kashe kariyar kwamfutarsu. Filashar da ta zaga shaguna biyar tana iya ɗauko ƙazanta da gaske, kuma sunanka ne a kan fayil ɗin. Ka wallafa lambar SHA-256 ta kowane ƙunshi, haruffa da lambobi 64 ne. Mai karɓa zai buga sha256sum a Linux, ko certutil -hashfile sunan fayil SHA256 a Windows. In ko harafi ɗaya ya bambanta, an taɓa fayil ɗin ko saukewar ta katse.

Haruffan ɓ da ɗ da ƙ suna komawa akwatuna ko alamar tambaya a kwamfutar wasu. Laifin ƙunshi ne?

Sau da yawa nasa ne, kuma abin kunya ne a ce a garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 manhajarmu ta kasa rubuta Ɗanladi daidai. Wuri biyu za ka duba. Na farko, buɗe fayil: Python a kan Windows ya daɗe yana ɗaukar tsohon tsarin haruffan Windows in ba ka faɗa masa ba, a Linux kuwa UTF-8 yake ɗauka, shi ya sa ba ka ga matsalar a wurinka ba. Duk inda ka buɗe fayil ɗin rubutu ka sa encoding="utf-8". Na biyu, salon rubutu: ba kowane ne ke da haruffa masu lanƙwasa ba, musamman waɗanda laburarorin PDF ke zuwa da su. Ka ƙunshe naka a ciki. DejaVu Sans da Noto Sans da Charis SIL duka suna da su, kuma lasisinsu ya yarda a rarraba.

In ka fassara manhajar da gettext, lambar Hausa ita ce ha, kuma ka tabbata fayilolin .mo masu ɗauke da fassarar sun shiga ƙunshin. An fi mantawa da su, sai manhajar ta buɗe da Turanci kana mamaki. Sunan ƙunshin kansa dai ka bar shi da haruffa marasa lanƙwasa.

Ta waya ce, Android. Dole sai Google Play?

Ba dole ba. Google Play yana karɓar dala 25 sau ɗaya don buɗe asusu, tun watan Agusta na 2021 kuma sababbin manhajoji sai a tsarin AAB, wanda Google ke yayyanka shi daidai da kowace waya. Shi ya sa wani lokaci manhajar da aka sauke daga can in an tura wa aboki sai ta ƙi shiga. Don haka ka ajiye cikakken APK, wato fayil ɗin sakawa na Android, a shafin fitarwarka na GitHub saboda masu turawa hannu da hannu. Akwai kuma F-Droid, rumbun da aka kafa a 2010 na manhajoji masu buɗaɗɗen tushe zalla, ba a biyan ko kwabo.

Mabuɗin da ka sa wa APK hannu da shi, ka riƙe shi kamar takardar gida. In ya ɓace, waya ba za ta karɓi sabuwar siga a kan tsohuwa ba, sai kowa ya cire ya sake sakawa, bayanansa su tafi. Kwafi biyu, a wuri biyu, kuma kada ya shiga GitHub.

Laburarorin wasu da na dogara da su fa, ba haɗari?

Akwai. A watan Maris na 2016 wani mai rubuta manhaja ya janye ƙunshinsa mai suna left-pad daga npm, kod mai layi 11 kacal, sai ginin dubban manhajoji ya tsaya cak, har da manya irin su Babel. A watan Maris na 2024 kuma Andres Freund ya lura shiga wata kwamfuta ta SSH yana ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba, ya bi diddigi ya gano an dasa ƙofar baya a xz, manhajar matse fayiloli ta Linux, siga ta 5.6.0 da 5.6.1. Wanda ya dasa ya shafe kimanin shekara biyu yana taimakawa har aka amince masa. Abin lura ga mai ƙunshi: wani ɓangare na mugun kod ɗin a cikin fayil ɗin fitarwa yake, ba a cikin kod ɗin da kowa ke dubawa a Git ba.

Saboda haka ka rage yawan abin da kake dogaro da shi, ka ƙulle sigar kowanne lokacin gini, ka duba rubutun suna da kyau kafin ka saka don akwai masu ɗora na jabu da sunan da ya yi kama. Kuma ka bar inji ya gina ƙunshin daga kod ɗin da ke fili. GitHub Actions, injin ginin da GitHub ke bayarwa, kyauta ne ga ayyukan da ke buɗe, yana da Windows da Linux da macOS. Ka sa alamar siga, shi ya gina ya ɗora. Ga mu nan yana da wani amfanin: ginin yana can yana tafiya ko an ɗauke wuta, kuma ba datarka ce za ta ɗora megabait ɗari ba.

Yaya manhaja ke shiga Debian ko Ubuntu har a riƙa samun ta da apt install?

Doguwar hanya ce. Za ka shigar da sanarwar niyyar ƙunshi da ake kira ITP, ka shirya foldar debian bisa ƙa'idarsu, lintian, manhajarsu ta gano kurakuran ƙunshi, ya duba, ka ɗora a mentors.debian.net, ka nemi wani mamban Debian ya duba ya ɗora a madadinka, sannan a sake tantance lasisin kowane fayil. Ubuntu daga Debian take kwasar mafi yawan kayanta. Debian kuma kusan duk shekara biyu take fitowa, ta 12 a 2023, ta 13 a 2025, saboda haka sigar da ta shiga za ta daɗe a hannun mutane. In manhajarka ba ta kai shekara ba, ka fara da .deb a shafinka ko PPA, wato ɗan rumbunka na Ubuntu, a Launchpad.

Zan iya karɓar kuɗi?

Ƙwarai. Ko GPL bai hana sayarwa ba, ɓoye kod ya hana. Sai dai wanda ya saya yana da damar ba wa maƙwabcinsa. Abin da ake biya a nan shi ne zuwa ka saka, ka koya wa ma'aikata, ka ɗaga waya in ta rikice.

In na fitar da sabuwar siga, bayanan da mutane suka shigar fa?

Wannan tun ranar farko ake shirya masa, ba a fafe gora ranar tafiya. Kada manhaja ta ajiye bayanan mai amfani a foldar da aka girka ta. A Windows, Program Files ba ya ma barin mai amfani na yau da kullum ya rubuta a ciki, kuma sabuwar siga ko cirewa na iya share abin da ke nan. Wurin bayanai shi ne %APPDATA%, a Linux kuma ~/.local/share, saituna a ~/.config. Mai cirewa ya cire manhaja ya bar bayanai, ko ya tambaya tukuna. A Inno Setup kada ka canza AppId tsakanin sigogi, da shi yake gane cewa sabuwar ta tsohuwar ce, in ka canza mutum zai wayi gari da guda biyu.

Ka gwada sabuntawa kamar yadda ka gwada sakawa: a kwamfutar gwaji ka saka tsohuwar siga, ka shigar da sunayen ɗalibai goma da makinsu, ka ɗora sabuwa a kai, ka ga ko suna nan. Ka kuma kashe injin gwajin da ƙarfi ana tsakiyar sabuntawa, don wutarmu ba ta sallama kafin ta tafi. Manhajar makarantar nan ta Tudun Wada, tun daga siga ta 1.2.0, kafin ta taɓa komai sai ta kwafe sakamako.db zuwa wani fayil mai ɗauke da kwanan watan ranar, ta kuma nuna wa akawu inda ta ajiye shi don ya sa a filasha. Duk ƙarshen zango yakan kawo mini filashar a cikin ambulan, in duba in mayar masa.